Faɗakarwa ga Mai Niyyar Aure ko Aurarwa Alhali Hannunsa Bai Cika Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta aure ya haramta alfasha. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne wani bawan Allah da ya zo mini bayan sallar isha'i, a lokacin da zaure ya watse. Ya zauna ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, 'yata ta samu miji mai addini, an sa rana sau biyu ina ɗagawa, domin ba ni da abin yin kayan ɗaki. Yanzu na yanke shawarar sayar da gonar da na gada. Shin akwai laifi?" Na ce masa, "Ɗana, in ka sayar, me za ku ci baɗi, kai da ƙannenta?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kunya nake gudu."

Wannan kalma ta kwana a zuciyata, ita ce kuwa tambayar wannan fasali: shin kunyar da ke sa mutum ya ci bashi ko ya sayar da tushen abincinsa saboda biki, tana daga kunyar nan da shari'a ta yaba? Ko kuwa wani abu ne dabam ya ari sunanta?

Mu fara da asali. Ka sani aure a mazhabar Imamu Maliku yana ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da siga, da shaidu biyu adilai. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Malamai sun daidaita shi da dirhami 3 na azurfa, kuma a ma'aunin yau rubu'in dinari ya ɗara giram 1 na zinariya da kaɗan. Walima kuwa mustahabbi ce, gwargwadon ikon miji. To, nemi lefe a cikin wannan lissafi, nemi gara, da anko, da kamu, da hayar ɗakin taro. Ba za ka same su ba. Dukkansu al'adu ne da mutane suka ɗora, wasu da kyakkyawar niyya, wasu don gasa.

Sannan dubi aikin magabata. Sayyidina Aliyu ya auri Nana Faɗimatu a shekara ta 2 bayan Hijira, sulkensa ne ya zama sadakinta. Kayan da ta tare da su kuwa mayafi ne, da salkar ruwa, da matashin kai na fata. Walimar Nana Safiyya, a kan hanyar dawowa daga Haibara a shekara ta 7, dabino ne da cukwi da man shanu aka haɗa a kan shimfiɗun fata, jama'a suka ci. Ya tabbata kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi walimar wata daga matansa da mudu 2 na sha'ir. Abdurrahman ɗan Aufu, da ya yi aure a Madina a kan zinariya mai nauyin ƙwallon dabino, an umarce shi da walima ko da akuya ɗaya ce. Ya kai mai hankali, wace 'ya ce tamu ta fi Faɗimatu daraja, har za a ce ƙarancin kaya ya zubar mata da mutunci?

Sai dai adalci ya wajabta mu saurari mai ja, domin yana da hujja. Zai ce: al'ada abar lura ce a shari'a, malaman usulu ma sun sanya ta cikin ƙa'idojin hukunci. Zai ce: kayan ɗaki dukiyar mace ce, kwanonin da iyayenmu mata suke jerawa a da su ne ajiyarsu, in rana ta ɓaci a ɗauki ɗaya a sayar. Zai ce kuma: yarinyar da aka kai ɗaki fayau, dangin miji da kishiya za su yi mata gori har ta tsufa, uwarta kuma ta kasa ɗaga kai a cikin mata. Wannan magana ba mu raina ta ba, domin gori yana da ciwo, kuma faranta ran amarya abin so ne.

Jawabinmu a kai ta fuska uku ne. Ta farko, ana bin al'ada ne matuƙar ba ta jawo cuta ba. Al'adar da ta tsare budurwa a gida shekara da shekaru, ta hana saurayi kame kansa, ta kai magidanci ga bashin ruwa, ta fita daga sahun abin da ake hukunci da shi. Ta biyu, malamanmu sun ce asali amarya tana yin kayan ɗaki ne da abin da ta karɓa na sadaki, abin da ya wuce haka sharaɗi ne ko al'adar gari ke kawo shi. Abin da mutane suka ɗora wa juna kuwa, suna da ikon sauke wa juna shi in sun yarda. Ta uku, laifin gori yana kan mai gori. Mai talauci bai saɓa wa Allah da talaucinsa ba, amma wanda ya wulaƙanta musulma saboda ƙarancin kwano ya saɓa.

Daga nan za ka gane bambancin kunya biyu. Kunyar da aka yaba ita ce wadda ke hana ka abin da Allah ya ƙi. Wannan kuwa tsoron bakin mutane ce, kuma 'yar'uwar riya ce, tana tura ka ga abin da Allah ya ƙi don gudun abin da mutane suka ƙi. Ma'auninta mai sauƙi ne. Tambayi kanka: da babu mai gani sai ango da amarya, da zan sayi wannan abu? In ka ce i, to buƙata ce. In ka ce a'a, to ka san wa kake yi wa aiki.

Ka tuna nauyin bashi. An kawo wa Manzon Allah gawar wani mutum da ake bi dinari kaɗan, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki biyan a wuyansa. Bashi don larura halal ne ga mai niyyar biya da hanyar biya, amma biki na kwana uku, biya na shekara uku, wannan wane irin ciniki ne? Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Sau nawa muka ga amarya a kan gado mai tsada, wata bai cika ba babu hatsi a gidan, masu bin bashi suna sallama, miji yana huce fushinsa a kanta, har a kai ga saki kafin lalle ya goge daga ƙafarta!

Tsanani ya ƙaru tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a shekarar 2023, farashin abinci da sutura ya hau. Hukuma ma ta ga nauyin: a Kano an fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a shekarar 2012, kuma a 2023 aka ɗaura aure 1,800 a tashi ɗaya. Wannan taimako ne mai kyau, sai dai baitulmali ba zai iya sauke kayan da jama'a ke ƙara ɗora wa kansu kullum ba.

Ga nasihata gare ka a jere. Ka ƙidaya abin da ke hannunka tabbas, ka bar abin da kake sa rai daga gudummawa. Ka fara fitar da wajibi: sadaki, da wurin zama, da abincin watannin farko. Sannan ka fitar da walima daidai ƙarfinka, ka kira matalautan unguwa, domin an zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Abin da ya saura shi ne rabon al'ada, kuma a cikinta ka gabatar da abin da zai daɗe, kamar shimfiɗa da tukunya da suturar sawa, a kan abin da zai ƙare a wuni ɗaya. Daidai ruwa daidai tsaki. Mafi muhimmanci, waliyyan ɓangare biyu su zauna tun kafin sa rana, su faɗa wa juna gaskiya, su yafe wa juna abin da ba za a iya ba, kuma a shigar da iyaye mata cikin shawarar, domin su ne masu ɗaukar zafin gori.

Haka muka yi da mutumin nan. Na kira waliyyin ango, sai ga shi shi ma yana neman bashin lefe, yana tsoron kada a raina ɗansa. Kowannensu yana shirin halaka kansa don tsoron ɗan'uwansa. Suka dubi juna suka yi dariya, aka rage lefe, aka rage kayan ɗaki, aka ɗaura aure, gona tana nan.

Kai kuma mawadaci, ba a hana ka yalwatawa ba, amma ka sani maƙwabcinka da kai yake auna kansa. In ka sauƙaƙa da gangan, ka buɗe wa talakawa ƙofa, kuma ladan wanda ya bi ka yana gare ka.

Allah ya suturta 'ya'yanmu, ya sanya albarka a aurensu, ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, ya tsare mu daga riya da nauyin bashi. Abin da na dace a ciki daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni.