Littafin Bashi da Wanda Ya Daina Zuwa

Da wuya ka shiga shagon kayan masarufi a unguwa ka rasa wani tsohon littafin rubutu a ƙarƙashin kanta, bangonsa ya sha manja, gefensa ya nannaɗe. Littafin bashi ke nan. Sunayen da ke ciki ba irin na katin shaida ba ne: "Maman 'yan biyu", "Malam na masallaci", "mai shayin bakin titi", "gidan mai famfo". Ƙarƙashin kowane suna an jera kwanan wata da abin da aka ɗauka da kuɗinsa, in an biya a soke. Mai shago ba ya buɗe shi sai zai rubuta sabon bashi, ko kuma gardama ta tashi. Ga shi kuwa abin da manyan kamfanoni ke zuba maƙudan kuɗi don su sani a kan masu sayen kayansu, rabinsa na nan kwance a wannan littafi.

A 1995 kantin Tesco na Ingila ya fito da wani kati mai suna Clubcard, wanda mai saye ke miƙawa wajen biya ya tara maki, daga baya a yi masa ragi. Makin na jan hankali ne kawai. Abin da kantin ke nema shi ne ya haɗa kowane saye da mai shi. Kafin katin, an san burodi nawa ya fita a rana, amma ba a san wa ya saya ba, balle a san ko ya dawo. Wani ƙaramin kamfani na miji da mata, Clive Humby da Edwina Dunn, shi ya tace bayanan gwajin farko na katin. Da aka baje sakamakon a gaban manyan kantin, shugabansu Lord MacLaurin ya amsa cewa a wata uku waɗannan mutane sun san kwastomominsa fiye da sanin da ya yi musu a shekara 30.

Mai shagon unguwa ba ya bukatar kati. Ya san fuska, ya san gida, ya ma san wanda aka yi wa haihuwa. Matsalarsa daban ce: saninsa a ka yake, kai kuwa yana da son zuciya. Yana riƙe mai babban saye da mai yawan surutu, ya manta da mai zuwa kullum ba hayaniya. Masu sayar da kaya ta gidan waya a Amurka sun daɗe da gano tambayoyi uku da ke gyara wannan: yaushe mutum ya yi sayensa na ƙarshe, sau nawa yake saye, nawa yake kashewa. Mu ɗauki misali. Alhaji yana zuwa ƙaramar salla da babba, kowane zuwa ya ajiye naira 150,000. Shekara ta kama 300,000. Mai shayi yana aiko yaronsa kowace safiya a ɗauki madara da sukari da ganyen shayi na naira 3,000. Ko da kwana 300 kaɗai ya saya a shekara, ya kawo 900,000. Amma wa ake kakkaɓe wa kujera, a miƙa masa ruwan sanyi, a yi masa ragi tun bai nema ba? Yaron mai shayi kuwa yana can tsaye a rana, ana ce masa ya ɗan jira a sallami manya. Ba na cewa a daina girmama Alhaji. Ina cewa wanda ya zauna ya haɗa lissafin nan sau ɗaya ba zai sake barin yaron nan a rana ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, taransifa ta shiga har wurin mai tsire da mai kayan miya. Yau wayar mai shago cike take da alat na OPay da Moniepoint da PalmPay, kowanne da suna da lokaci da adadin kuɗi. Sai mutum ya ɗauka aiki ya ƙare, tunda ga komai a rubuce. A nan ake yin tuntuɓe. Alat ba ya faɗin abin da aka saya. Sunan da ke kansa ma sau da yawa ba na mai sayen ba ne: na mai POS ɗin kan kwana ne, ko na maigida, ko na wani ɗa da ke aiki a Abuja yana biya wa mahaifiyarsa. Wanda ya tsaya gaban kanta kuma ɗan aike ne mai shekara tara. Mai yanke shawarar irin sabulun da za a saya da shagon da za a je tana cikin gida, wataƙila ba ta taɓa taka ƙofar shagon ba. Idan mudunka ya yi rashin auki, ita za ta gane, ita kuma za ta ce wa yaron daga gobe ya wuce shagon gaba. Babu manhajar da za ta nuna maka ita. Littafin da ya rubuta "Maman 'yan biyu" ya fi alat ɗin kusa da gaskiya.

Adadin kuɗin shi ma yana ruɗi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan shekara, wanda cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a naira, ya yi murna, mai yiwuwa kayan da suka fita daga shagonsa raguwa suka yi. Sai an ƙirga da mudu da kwali da galan ake ganin haka. A nan ne kuma za a ga gidan da ke sayen gwangwanin madara ya koma 'yar leda, mai sayen kwano ya koma rabi. Wannan labari ne mai amfani ga mai zuwa sari Kasuwar Singa, domin shi zai faɗa masa abin da zai ɗauko da abin da zai yi masa kwantai.

Haka ma kwanan wata. Yawancin manhajojin lissafi suna gwada watan bana da irinsa na bara a kalandar Bature, cinikinmu kuwa azumi da salla yake bi, su kuma suna matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. A Najeriya an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, sannan 1 ga Maris a 2025. Mai sayar da dabino da sukari da ya gwada Maris da Maris zai ga ciniki yana ta hawa, ya ɗauka dabararsa ce, alhali kwanakin azumi ne suka ƙaru a cikin watan. Ramadan da Ramadan ake gwadawa, kaka da kaka, ƙarshen wata da ƙarshen wata.

Babban giɓin dai shi ne wannan: littafi da waya duka wanda ya saya kaɗai suke rubutawa. Wanda ya zo ya ce "Akwai kaza?" aka ce masa babu, ya juya, bai bar sawu ba. Mutum goma za su iya tambayar abu ɗaya a mako, yaron shago ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, maigida bai ji ko guda ba. Maganinsa shafi ɗaya ne a bayan littafin, duk abin da aka nema aka rasa a rubuta shi, in an sake nema a ja masa layi. Ranar sari a duba.

Wanda ya daina zuwa ya fi wannan wuyar ganewa, domin shi ba ya sallama. Mai zuwa kullum ya koma sau biyu a mako, daga nan sau ɗaya, daga nan shiru, shagon kuma cike da jama'a, ba wanda ya lura. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi ba ma haka. Wanda ke bin sunayen littafinsa duk mako yana duba ranar zuwan kowa na ƙarshe zai ga tazarar tana buɗewa tun da sauran gyara. Sai dai lissafi iyakarsa ya ce wane ya ɗauke ƙafa, ba ya faɗin dalili. Ko ya tashi daga unguwar, ko yaron shago ya yi masa tsawa, ko an buɗe wani shago kusa da gidansa. Akwai kuma dalilin da 'yan kasuwa suka sani sarai amma ba su cika haɗa shi da littafinsu ba: bashin kansa. Mutumin da ake bi naira 8,000 ya kasa biya, kunya za ta sa ya riƙa zagayawa ta wani lungu, ranar da ya samu 'yan kuɗin cefane ya kai su shagon da ba a binsa komai. Ka rasa bashin, ka rasa cinikin. Wannan sai da baki: "Malam, kwana biyu shiru, ko lafiya? Ka riƙa zuwa kana ɗaukar kayanka, wancan a rage shi da kaɗan-kaɗan." Mutum nawa ne za su ƙi dawowa bayan irin wannan magana?

Duk wanda ya san abin da gida ke ci da ranar da aljihun maigida ke bushewa, sirrin mutane ne a hannunsa. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ce ba a amfani da bayanin mutum sai da hujja, kuma don abin da aka karɓe shi. Lambar da Hajiya ta bayar don a kira ta in atamfa ta iso ba izini ba ce na jefa ta zauren WhatsApp mai mutum 300, inda kowa ke ganin lambar kowa. Ɗora sunan mai bashi a sitatus kuwa, bayan tozarci, yana sanar da sauran kwastomomi abin da ke jiransu.

Sannan a duba inda lambobin suke zaune. A shaguna da yawa yaron shago ne ke amsa kira da saƙo, a wayarsa, da layinsa. Shi kwastomomi suka sani, shi suke turo wa jerin kayan da suke so. Ranar da aka sallame shi ya buɗe nasa, ko aka yi baran-baran ya tafi, duk suna cikin aljihunsa. Layin shago daban, da rajistar maigida, kuɗinsa bai kai na kwalin taliya ɗaya ba.