Fatalwa da Bashin Mamaci

Na tashi a Tambuwal, a gidan da ake tatsuniya bayan lisha, kuma idan na bi abubuwan da aka tsorata mu da su ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar in tsinci mamaci a cikinsu. Dodo yana nan, mai haɗiye yarinyar da ta ƙi jin maganar uwarta. Doguwa tana nan a gindin tsamiya. Labarin 'yan ruwa kuwa sai 'yan uwanmu na wajen Kebbe sun zo muke jin sa da kyau, don su ke kusa da gulbi, su suka san yadda ake jan mai wanka ta ƙafa. Ga mayu, ga kyakkyawar macen da ake haɗuwa da ita a cin kasuwa, sai an kai ido ƙasa a ga kofato. Dukansu masu rai ne. Suna ci, suna aure, suna haihuwa, suna fushi. Mamaci kuwa, da an kai shi makwancinsa an dawo, labari ya gama da shi.

Sai da na fara karanta littattafan wasu al'ummu da kallon finafinansu na tarar a can mamaci ne uban tafiya. A wasan Hamlet na Shakespeare, sarkin da ƙanensa ya kashe da guba shi ke fitowa da dare ya tona wa ɗansa asirin, ya ce a rama masa. A fim ɗin Living in Bondage na 1992, wanda ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo a kudancin ƙasar nan, Andy ya miƙa matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, ya yi kuɗin, ita kuma ta hana shi sakat. A Ringu na Japan, 1998, yarinya ce da aka jefa rijiya aka rufe. Harsuna daban, addinai daban, amma ƙashin labarin ɗaya ne: an zalunci wani, an binne maganar tare da shi, shi kuma ya ƙi kwanciya. Fatalwa a waɗannan labarai mai bin bashi ce wadda mutuwa ba ta hana ta sallama a ƙofar gida ba.

Mu an toshe mana wannan hanya tun a makarantar allo. Suratul Mu'minun ta kawo halin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a maida shi duniya ya gyara abin da ya bari, aka ƙi, aka ce akwai shamaki tsakaninsa da ita, wato barzahu, har ranar tashi. Larabawan jahiliyya suna da tasu fatalwar. Sun yi imani cewa wanda aka kashe ba a ɗau fansarsa ba, wani tsuntsu mai kama da mujiya yakan fita daga kansa ya yi ta kuka a bisa kabarinsa har sai an zubar da jinin makashin. Hama suke ce masa, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore shi. Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ya riƙe, karatun nan ya daɗe da shiga jinin mutane. Yaron da ya ce ya ga mamaci, kafin ya rufe baki an ba shi amsa: ba shi ba ne, aljani ne ya ari kamanninsa.

Haka aljani ya gaji aikin duka. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, waɗanda kaso mai yawa daga cikinsu malamai ne suka rubuta da ajami aka tara ta hannun Burdon, Razdan na Sakkwato, Gizo da Dodo da aljannu ne suka cika su. A Ganɗoki na Bello Kagara aljannu al'umma ce da sarakunanta, ana yaƙarsu, ana musuluntar da su. Har zuwa littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini da muka riƙa karɓa haya, aljani ne ke ɗaukar nauyin ban tsoro da ban mamaki.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aljani ke aiki a labarin baka, na tsakar gida. Ba ya faɗa wa mutum haka siddan. Maƙwabci ne da ba a gani, kuma maƙwabtakar tana da dokoki da kowace uwa ta haddace: kar a watsa ruwan zafi da dare ba bisimilla, kar a zauna bakin ƙofa da magariba, kar a yi fitsari a rami ko a suri, kar a yada zango a gindin tsamiya da rana tsaka, a yi addu'a kafin a shiga makewayi. Labarin kullum daga karya ɗaya daga cikinsu yake tashi. Amarya ta tace taliya ta watsar da ruwan a bayan ɗaki, da dare ta faɗi, aka kira mai ruƙiyya, sai wata murya ta fito daga bakinta tana cewa ta ƙone mini ɗa. Ko likita zai ba abin wani suna, ni ginin labarin nake kallo. Shi ma aljanin ashe mai ƙara ne, haƙƙi yake bi. Sai dai fatalwar waɗancan al'ummu tana bin laifin da aka yi da gangan aka ɓoye, aljaninmu kuwa yana bin laifin da aka yi cikin rashin kula. Nasu labarin yana tambayar me ka ɓoye. Namu yana tambayar wa ka taka ba ka sani ba. Na fi son namu ta wannan fuska, don yana rainon mutum mai tafiya a hankali ko a wurin da yake zaton babu kowa.

Duk da haka fatalwa ba ta mutu a bakin mutane ba. Ana rantsewa cewa an ga wane a bakin kasuwa bayan kwana bakwai da rasuwarsa, ko an ji tarinsa a zaure. Na daɗe ina lura da waɗanda ake gani ɗin. Ba tsohon da ya yi jinya ya yi wasiyya ya cika a gaban 'ya'yansa ba ne. Wanda mota ta kashe a hanyar Jega ne, ko wadda ta tafi wurin haihuwa, ko wanda aka cinye gadon marayunsa. Wato wanda maganarsa ba ta ƙare ba.

Wani ɗan uwan mahaifina da muke kira Kawu ya yi cinikin albasa shekaru da wani abokinsa, jari ɗaya, rumfa ɗaya. Abokin ya rasu farat ɗaya ana tsakiyar kaka. Ba a jima ba Kawu ya fara ramewa. Ya ce duk asuba in ya zo buɗe rumfa sai ya hango shi zaune bisa buhu, da hular da ya saba sawa. Aka yi rubutu aka sha, aka yi hayaƙi, abin bai bari ba. Da aka kai shi wurin wani tsohon malami a Kebbe, ni na raka shi. Malam ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, sa'an nan ya ce, “Alhaji, wanda anka bizne bai dawowa. Amma kai, mi kar riƙe mashi?” Kawu ya yi shiru mai tsawo. Ashe akwai kuɗin wasu buhuna da aka kai kudu, sun dawo bayan rasuwar, babu wanda ya san da su sai shi. Bai yi niyyar ci ba, in ji shi, jira yake kasuwa ta daidaita. Ya kai wa magada a makon. Bai sake ganin kowa bisa buhu ba.

Malam bai ce Kawu ƙarya yake yi ba, bai kuma ce mamacin ne ba. Ya bar aƙida inda take ya nufi aljihu. Duk wanda ya taɓa tsayawa jana'iza a ƙasar nan ya san sanarwar da ake yi kafin a watse: wanda ke bin marigayi bashi ya ga wane, wanda marigayi ke bi shi ma ya ga wane. Tushenta mai ƙarfi ne. Buhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mai bashi wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, Tirmizi kuma ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya. Amma kowa ya san kashin farko na sanarwar ya fi samun masu amsawa. Masu bin mamaci tun ranar uku sun iso da takardunsu. Waɗanda mamaci ke bi, sai wanda Allah ya taimaka.

A nan ne na rabu da masu ganin labarin fatalwa ya fi namu ban tsoro. Ni ina ganin lallashi ne. Mai kallon Living in Bondage yana firgita, gaskiya ne, amma yana tashi da sanyin zuciya, don Merit ta dawo ta karɓi haƙƙinta tun fim bai ƙare ba. Labarin yana yi wa mai kallo alkawarin cewa zalunci ba ya ɓoyuwa, ko mutane sun yi shiru kabari zai yi magana. Addininmu bai yi wannan alkawari a duniya ba. Mamaci ba zai zo ba. Ba zai nuna inda takardar gona take ba, ba zai tsaya a kan wan da ya haɗe rabon marayu ba. Wanda ya ci yana iya cinyewa lafiya, ya yi ƙiba, ya je Makka, a kira shi dattijo, maganar tana ajiye sai ranar da babu naira, sai dai a ɗebi ladan mutum a biya da shi. Wanda ya fahimci wannan ba ya bukatar farin likkafani yana yawo a tsakar gida kafin tsigar jikinsa ta tashi. Marubutanmu da masu fim da ke aro mace mai farar riga da baƙin gashi har gadon baya daga finafinan Indiya da Japan sun bar abin da ya fi ƙarfi a gida.

Na koma wurin malamin daga baya ni kaɗai, na tambaye shi hukuncin labaranmu na aljannu. Bai sake musu fuska ba. Ya ce suna kumbura aljani fiye da girmansa, alhali Suratu Saba'i ta nuna aljannu suna ta wahalar aiki a gaban Annabi Sulaimanu ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi, Suratul Jinni kuma ta ce mutanen da ke neman tsari da aljannu ba abin da suka ƙaru da shi sai wahala. Na ce, “Allah gafarta Malam, ai tatsuniya ba ta ɓoye kanta. Da buɗewarta da rufewarta duk shela ce cewa ƙarya ce, har ana jingina ta ga Gizo.” Ya yarda da wannan. Ni ma na yarda da shi a kan ɗaya nau'in, wanda ke farawa da wallahi, a gari kaza aka yi, yanzu kuma ana tura shi da murya ta WhatsApp. Tatsuniya yaro ya san inda ta tsaya. Wannan kuwa ba ta da bakin iyaka, daga ita sai gidan boka.

Mafi muninsu labarin maita. Dodo ba shi da gida a unguwa, aljani ba a iya kama shi, amma mayya tana da suna da ɗaki. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ya ambaci wata tsohuwa cikin magagi, sai a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta a ce sai ta tsallake shi. Kusan kullum talaka ce, kusan kullum ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Kuma da yake an ce a nono ake shan maita, 'ya'yanta mata da jikokinta sun shiga uku wurin aure. Duk fim ɗin da ya nuna tsohuwa mai jan ido tana lasar baki, akwai wata tsohuwa ta gaske da za ta biya kuɗinsa a wani ƙauye. Wannan nau'i ban ga uzurinsa ba, komai daɗin labarin.

Yaran wajen Kebbe na yanzu ba Doguwa ke hana su barci ba, ƙarar babura ce da tsakar dare. Malam ya ce mini tambayar da ta fi zo masa a 'yan shekarun nan ba ta aljani ba ce. Mata ne ke aiko a tambayar musu: 'yan bindiga sun tafi da maigida, an kai abin da aka nema ko ba a samu kaiwa ba, waya ta daina shiga, babu gawa, babu wanda zai ce ya gani. Ta yi takaba ko ta jira? A raba gado ko a bari? Ya buɗe mini Risala ya nuna mini babin wanda ya ɓace: matar ta kai magana gaban alƙali, a yanka mata shekara 4 bayan an bincika an rasa, sa'an nan ta yi iddar mutuwa, dukiyarsa kuwa ba a taɓa ta sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye. Ya ce da can babi ne da ɗalibi ke karantawa ya wuce, yanzu har ya sa masa alama da tsinke. Mafi yawan matan, in ji shi, ba sa zuwa wurin alƙalin, don kai ƙarar a wurinsu kamar su ne suka fara cewa ya mutu, kuma dangin miji ba za su manta wadda ta fara faɗa ba.