Kuskuren Ɗalibi Amana Ne

Bayan na kammala digiri da hidimar ƙasa, na samu aikin koyarwa a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a unguwarmu, Unguwar Mu'azu, kusa da titin Nnamdi Azikiwe. Aka damƙa mini aji huɗu na firamare, da alli da rajista, ba tare da an nuna mini yadda ake tsayawa gaban yara ba. Ban karanci fannin koyarwa a jami'a ba, don haka wayar da ke aljihuna ce ta fara koya mini sana'ar.

Wani abokin aiki ne ya saka ni a wani zauren malaman firamare na WhatsApp. A nan na koyi rubuta tsarin darasi, da koyar da lissafin rabawa da marufan kwalba. Akwai wata dattijuwar malama da kan turo saƙon murya bayan sallar isha. Wata rana na ji ta ce akwai wata ƙa'idar nahawun Turanci da ta daɗe tana koyarwa amma har yau ba ta zauna mata ba, tana roƙon wanda ya gane ya yi mata bayani. Babu wanda ya yi mata dariya. Kafin gari ya waye an ba ta amsa, mu da kunya ta hana mu tambaya muka ƙaru a bayanta. Gemu, in ji Bahaushe, ba ya hana ilimi.

Horar da malami daga nesa ba baƙon abu ba ne a Kaduna. A nan Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976 domin malami ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. A 2020, da cutar korona ta rufe makarantu, gwamnatin jihar ta koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. Abin da kafafen sada zumunta suka ƙara shi ne, yanzu malami yana iya mayar da magana, yana kuma iya nuna wa duniya abin da ke faruwa a ajinsa. A wannan nunawar ce tambayata take: idan malami zai fito da rashin sani fili domin a ƙaru, rashin sanin wa ya halatta ya fitar?

Ban samu amsar ba sai da na yi laifi. Wata safiya na tambayi wani yaro sunan babban birnin Nijeriya, ya miƙe da ƙarfin gwiwa ya ce Kasuwar Barci. Aji ya kaure da dariya. Na sa ya maimaita, na ɗauke shi da waya, na ɗora a TikTok, ina gaya wa kaina wai ina nuna halin da ilimi ke ciki ne. Cikin kwana biyu bidiyon ya zaga unguwa. Yara suka laƙaba masa amsar a matsayin suna, har a layin famfo. Bayan mako guda mahaifiyarsa ta zo makaranta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ai don bai sani ba muka kawo maka shi. Da ya sani, me zai zo yi?" Na goge bidiyon a gabanta, amma ya riga ya shiga wayoyin da hannuna ba zai kai ba. Yaron da ke rige-rigen ɗaga hannu ya koma ƙarshen benci, har zangon karatu ya ƙare ban sake ganin hannunsa a sama ba.

Maganar wannan uwa ta fi duk abin da na karanta bayyana mini ma'anar aji. Aji wuri ne da al'umma ta keɓe domin a yi kuskure ba tare da an biya diyyarsa ba. Yaro yana buɗe baki ya faɗi abin da ba daidai ba ne saboda ya amince cewa kuskuren zai tsaya tsakaninsa da malami da bango huɗu. Idan wannan aminci ya gushe, yara za su koyi yin shiru, kuma wanda ya yi shiru ba a san inda za a gyara masa ba. Ashe kuskuren ɗalibi ajiya ce a hannun malami, kamar yadda ciwon majinyaci yake sirri a hannun likita.

Rashin sanin malami kuwa nasa ne. Dattijuwar nan da ta ce ba ta gane ba, da mutuncinta ta yi kasada, kuma ita ta zaɓi hakan tana babba mai cikakken hankali. Ni kuwa da mutuncin wani na yi kasada, wanda ba shi da ikon ce mini a'a, ribar kuma ta dawo gare ni a matsayin mabiya da yabo. Waya ɗaya ce, amma ɗaya tawali'u ne, ɗaya cin amana.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce, ai ɓarna ba ta gyaruwa sai an tona ta, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi. Zai iya kafa hujja da 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka sanar cewa 21,780 ba su kai makin da ake buƙata ba, aka kuma wallafa hotunan wasu takardun amsoshin a Twitter. Ina sakandare a lokacin, kuma ina cikin waɗanda suka yi ta dariya. Har yau mutane na saɓani kan dacewar matakin. Amma ko wanda ya goyi bayansa, hujjarsa ita ce malami ma'aikaci ne da ake biya domin ya sani, don haka jama'a na da haƙƙin bin bahasinsa. Wannan hujja ba ta hau kan yaro ɗan shekara tara ba. Shi ba a ɗauke shi aikin sani ba, an kawo shi ne domin a sanar da shi. Kuma malaman jihar da suka ɗanɗani zafin a yi dariyar takardar amsarsu, su ya fi cancanta su tsare wa yara wannan zafi.

Wani kuma zai ce, to idan iyaye sun yarda fa? Gaskiya ne Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shar'anta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro, kuma bin ta wajibi ne. Sai dai izini yana warware matsalar doka ne kawai. Yaron nan zai girma, ya nemi aiki, ya nemi aure, intanet kuma ba ta da mantuwa. Uba yana iya yarda a madadin ɗansa na yau, amma wa zai nemi yardar magidancin da yaron zai zama?

Ba ina kiran malamai su ajiye waya ba ne, domin da ban shiga zauren nan ba da ɗalibaina sun fi cutuwa. Har yanzu ina ɗora darasi, amma allo da hannuna kaɗai kyamara ke gani. Idan kuskuren wani yaro ya gagare ni gyarawa, nakan kai shi zaure ba suna ba fuska, in ce ni ne na kasa koyar da wannan, ku nuna mini hanya. Galibi ma hakan ne gaskiyar lamarin.

Yaron yanzu yana aji na gaba. Nakan gamu da shi a hanyar masallaci, ya rusuna ya ce, "Ina wuni, Malam." Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Amma malaminsa na yanzu ya gaya mini cewa har yau sai an kira sunansa yake magana.