Wa Zai Fara Nuna wa Ɗan Tasawa Birni?

A bakin mutanen Tasawa da Mayahi, idan aka ce birnin ƙasar waje, Kano ce ke fara zuwa a rai. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ita ta mayar da Kano waje, amma hanyar ta girmi iyakar nesa ba kusa ba: ta nan Baturen Jamus Heinrich Barth ya bi a farkon 1851, daga Tasawa zuwa Gazawa, zuwa Katsina, har ya shiga Kano. Yau ma ita mutane ke bi, don fatauci, don asibiti, don cin rani. Abin da ba a cika yi ba shi ne uba ya ɗauki ɗansa mai shekara huɗu ko biyar ya ce za su je ganin gari kawai. Wanda ya gwada zai sha tambaya daga dattawan unguwa: me yaro ya sani, kuma me zai tuna? Ni ina ganin kai yaron daidai ne, kuma addini yana bayan uban.

A fara da maganar tunawa, domin ita ce ta fi ƙarfi. Gaskiya ne, yawancin abin da yaro ya gani kafin shekarun wayo yana gushewa daga ƙwaƙwalwarsa. Sai dai Musulunci bai taɓa auna abin da ake yi wa yaro da ma'aunin tunawarsa ba. Muna yanka masa ragon suna ran kwana bakwai, alhali bai san ana yi ba. Hujjar da ta fi wannan kusa da maganarmu ita ce labarin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Muslim ma ya ruwaito: wata mata a kan hanyar Makka ta ɗaga ƙaramin yaronta ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wannan ma yana da Hajji, ya amsa mata cewa yana da shi, ita kuma tana da lada. Malamanmu na Malikiyya sun ce Hajjin ya inganta, ko da yake bai ɗauke masa na farilla ba idan ya balaga. A lura da abin da ke cikin hukuncin. Yaron da aka ɗaga da hannu bai fahimci ɗawafi ba, ba zai tuna Arfa ba, duk da haka tafiyarsa ta ƙirgu, wahalar uwarsa ma ta ƙirgu. Ziyarar Kano ba Hajji ba ce, ba wanda ya ce haka. Amma idan rashin tunawa bai soke tafiya mafi girma ba, ban ga yadda zai mayar da ƙarama aikin banza ba.

Me yaron ke samu? A tsaya da shi a bakin marinar Ƙofar Mata. Marini ya tsoma ƙyalle a ramin baba, ya ɗago shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon yaro. Irin wannan shuɗin ya saba gani a rawanin Buzaye a kasuwar garinsu. Yanzu ya ga hannun mutum ke yin sa. Zai ce, “Baba, me ya canja shi?” Wannan tambaya ita ce ribar tafiyar. A hau da shi Dutsen Dala, yaron da idonsa ya saba da gonakin gero da goribar Gulbin Kaba, ya ga rufin gidaje har iyakar ganinsa, uban ya ce masa duk waɗannan bayin Allah ne, kuma Shi ke ci da su. A Kasuwar Kurmi a gaya masa cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ake cinta. Sunan Rumfa zai iya ɓace masa. Sabo da tambaya, da sanin cewa ubansa yana amsawa, suna zama hali, kuma hali ba ya jiran a tuna ranar da aka koye shi. Alƙur'ani ya yi ta maimaita umarnin tafiya a bayan ƙasa da duba yadda na farko suka ƙare, kuma ido mai lura tun ana yaro ake fara rainonsa.

Wasu za su kawo hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku. Malamai da yawa sun bayyana cewa yana magana ne kan nufin wani wuri don neman falalar ibada a cikinsa. Da ya haɗa kowace tafiya, da fatauci da neman ilimi sun haramta. Wasu kuma za su ce birni wurin fitina ne. Haka ne, amma a dubi yadda yaran yankinmu ke haɗuwa da birni a yau. Da yawa suna shigarsa da ƙoƙon bara a hannu, ko a goye a kan hanyar asibiti, ko ta wayar wani yayansu da ya dawo daga cin rani. Birnin zai same su ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne wa zai fara nuna musu shi. Yaron da ya fara ganin Kano daga kafaɗar ubansa, cikinsa a ƙoshe, ya san ta a matsayin baƙo mai mutunci, kuma ya ga yadda Musulmi ke tsayawa salla a tsakiyar hayaniya.

Suka guda ce nake karɓa ba tare da gardama ba, wato ta kuɗi. Wanda rumbunsa ba zai kai shi damina ba, ko ake bin sa bashi, ciyar da iyali ne wajibinsa, kallo kuwa halal ne kawai. Maganata tana kan mai hali, musamman ɗan kasuwar da dama yake zuwa Kano, wanda ƙarin kujera ɗaya ba zai karya shi ba.

Shi ma akwai sharaɗi a kansa: tafiyar ta yaro ce, don haka da ƙafar yaro za a auna ta. Annabi yakan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri, don tausayin uwarsa. Wanda ya ja yaro cikin rana daga Gidan Makama zuwa gidan zu zuwa Kantin Kwari don ya cika lissafinsa, kansa ya yi wa. Wuri biyu a yini sun isa, da ruwa, da inuwa, da takarda a aljihun yaron mai ɗauke da sunan ubansa da lambar wayarsa. Kuma kada a ce sai ɗa namiji. Jikar da Annabi ya ɗauka a kafaɗa yana jan salla a gaban jama'a Umama ce, 'yar Zainab. 'Yar Mayahi da ake bari a gida tana taya uwarta daka tana da haƙƙin hawa Dala daidai da ɗan'uwanta, kuma ita ce wadda, idan ba ubanta ya kai ta ba, zai yi wuya wani ya kai ta don kallo kawai.