Wa Ya Sa Hannu a Kan Lambar?

A ranar 15 ga Janairun 2021, Firaministan ƙasar Holan, Mark Rutte, ya yi murabus tare da ministocinsa baki ɗaya. Abin da ya jawo shi ne tallafin da gwamnati ke ba iyaye don biyan kuɗin gidajen renon yara. Hukumar haraji ta zargi iyaye kimanin 26,000 da zamba, ta tilasta musu mayar da duk abin da suka karɓa, alhali ba su ci kwabon kowa ba. Bashi ya yi wa wasu katutu, wasu suka rasa muhallinsu, wasu aurensu ya mutu.

A 2013 hukumar ta fara amfani da wata manhaja mai koyo daga bayanan baya, irin wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Aikinta ta ba kowace takardar neman tallafi maki, gwargwadon yadda take ganin alamar zamba a jikinta. Cikin abubuwan da take dubawa har da ko mai nema ɗan ƙasar Holan ne. Sai baƙi da masu ƙaramin ƙarfi suka fi faɗawa tarkon. A Disambar 2021 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar ta ci tarar hukumar harajin Yuro miliyan 2.75 saboda wannan wariya.

Rubuta manhaja ne sana'ata, kuma duk inda aka tayar da irin wannan magana a tsakaninmu, maganin da ake kawowa ɗaya ne: a sa mutum ya riƙa duba hukuncin na'ura. To ai a Holan ma akwai mutumin. Ma'aikaci ne ke duba duk takardar da manhajar ta ware, sai dai ba a nuna masa dalilin da ya sa ta ware ta. Ka sa kanka a kujerarsa. Takardu jibge a gabanka, kowace ta zo da tambarin zargi, shugabanka yana son sakamako. Idan ka wanke mai ita kuma daga baya ta tabbata ɓarawo ne, kai za a tuhuma. Idan ka bi na'ura kuka yi kuskure tare, ba mai kiran sunanka. Mutum nawa ne za su zaɓi ta farkon?

Na taɓa aiki a kan manhajar da ke tantance masu neman rance ta waya. Akwai wata lamba da sai an sa ta a ciki: wanda makinsa ya gaza ta, an hana shi. Na tambayi shugabanmu nawa za a sa. Ya ce ni ne masani, in ga abin da ya dace. Na sa lambar wani yammaci, ina sauri in tashi. In na ɗaga ta kaɗan, kamfani ya tsira daga 'yan damfara amma an kori masu gaskiya da yawa; in na sauke ta, akasin haka. Babu darasin da aka koya mana a jami'a da zai faɗa maka mutum nawa ya halatta ka zalunta don ka kama ɓarawo ɗaya. Wannan hukunci ne na shugaba, kuma ranar nan shugaban ya miƙa shi ga mafi ƙanƙanta a ɗakin, ni kuwa na ɓoye shi a layin da ba wanda zai sake karantawa.

Ba na cewa a jefar da na'ura. Ba ta karɓar na goro, ba ta san ɗan gidan wane ba, kuma wanda ya taɓa bin layi a ofis ya san darajar hakan. A Holan ɗin ma dokar kanta mai tsauri ce, ƙaramin kuskure a takarda yana iya sa a karɓe tallafin gaba ɗaya, kuma mutane ne suka yi shekaru suna toshe kunne ga koken iyayen. Abin da nake nema shi ne kowace irin wannan lamba ta kasance da sunan wanda ya amince da ita, wanda aka hana kuma a faɗa masa dalili, a nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Rutte dai jam'iyyarsa ta sake zuwa ta ɗaya a zaɓen Maris na 2021, ya ci gaba da mulki har 2024. Ni kuma na bar wancan aiki ban ga fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda lambata ta hana ba.