Idan Zuciya Ta Ɗauki Kaya, Jiki Ne Ke Biya: Nasiha Ga 'Yan'uwa Na Damargu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu.

Bayan haka, wanda ya san ƙasar Damargu, daga Tanut da Gangara da Olelewa har zuwa Belbeji da Tarka, ya san ƙasa ce ta hatsi da dabba. Tun zamanin ayari, daga nan Abzinawa ke ɗaukar hatsin da suke kai wa arewa. Amma ƙasa ce da ke bakin hamada, damina gajera ce, kuma ba ta da tabbas. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, matasa kuma sun ga yunwar 2005 wadda ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwa. Saboda haka maigidan Damargu kullum idonsa ɗaya na sama yana duban hadari, ɗayan na kan rumbu. Wannan zullumi ba ya tsayawa a zuciya, yana gangarowa cikin jini da jijiya.

Shari'a ta riga ta karantar da haka. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) ya rataya gyaruwar jiki da ɓacinsa ga tsoka guda, wato zuciya. Malamai sun fassara shi da gyaran addini, shi ne asalin ma'anarsa, sai dai ma'abota tarbiyya sun ga alamarsa har a lafiyar gaɓɓai. Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yaƙubu (A.S.), wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya taɓa masa gani, kuma ganin ya dawo ranar da bushara ta iso tare da riga. Annabi ne, bai saɓa wa Ubangijinsa ba, ga Shi kaɗai ya kai kukansa, duk da haka jiki ya ji. Ke nan wanda damuwa ta kayar kada a yi masa gorin raunin imani. Malam Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya wallafa littafi sukutum a kan maslahar jiki da rai, inda ya nuna ciwon ɗayansu yana jawo na ɗayan.

Likitocin yau sun bayyana yadda abin yake gudana. Idan tsoro ko fushi ya taso, wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda suna sakin sinadarai cikin jini, ana ce musu adirenalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a cikinsa. Rahama ce ga makiyayin da ya yi kiciɓis da maciji, don ya samu ƙarfin tsira. Amma an yi wannan shiri ne don ɗan lokaci. Idan mutum ya kwana ya tashi a cikinsa wata da watanni, yana lissafin bashin hatsi, ko yana jiran wayar ɗansa da ya tafi bida Libiya ko Aljeriya, sai barci ya ƙaurace masa, ciki ya rikice, garkuwar jiki ta yi rauni, hawan jini ya samu wurin zama. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Sau da yawa ba a sanin yana nan sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, sannan a fara cewa jifa ce ko sammu, a zargi maƙwabci ko kishiya, a haɗa ciwo da zunubin zato.

Rai idan ya ƙuntata yakan nemi mafita ta kusa, a nan ne ƙofa ta biyu take buɗewa, ƙofar sha'awa. Saurayi ya haɗiyi tramol don ya jure noma ko haƙar zinari a Jado, ya ji gajiya ta tafi. Ba tafiya ta yi ba, rufe ta aka yi. Maganin ciwo ne da likita ke bayarwa da awo, amma ƙwayar da ake saidawa a tebur takan ninka awon likita, tana kama mai shanta har ya kasa tashi sai da ita, tana kuma jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Dattijo kuma nasa ya fi laushi: shayi daga na fari zuwa na uku, sukari fal, safe da rana da dare, ga goro, wani har da taba wadda shehunnan ɗariƙa suka tsananta hani a kanta. Shayi halal ne, karamci ne ga baƙo, amma idan ya zama shi ne mafakar zuciya, barci da haƙora da sukarin jini su ne ke biyan kuɗin. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba banza ba Imamul Gazali ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u don karya sha'awar ciki da ta farji.

To ina magani? Ɗan Tijjaniyya yana riƙe da babban rabo daga cikinsa, ko da bai lura ba. Lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, zama ne cikin tsarki, fuska ga alƙibla, harshe ya bar zancen duniya, numfashi ya daidaita. Ba don lafiya ake yin wuridi ba, don Allah ake yi, amma natsuwar da Alƙur'ani ya alƙawarta wa zukata masu ambato ba ta barin jiki a baya. Wazifa cikin jam'i da zikirin Juma'a suna fitar da mutum daga kaɗaici, wanda shi ne takin damuwa. A nan ne ya kamata muƙaddami ya zama mai lura. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya rame, ko ya daina zuwa zawiya, a bi shi gida, a ji abin da ke cinsa. Wani ba wa'azi yake buƙata ba, tiya biyu ta hatsi ce za ta sa ya yi barci.

Sunna ta ƙara da magunguna masu sauƙi. Mai fushi an umarce shi ya nemi tsari daga Shaiɗan, idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. Mai ci an shiryar da shi ya raba cikinsa uku, abinci da ruwa da numfashi. Mai ƙwazon ibada ma an ja masa linzami, kamar yadda aka tunatar da Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa na da hakki a kansa.

Tawakkali kuma ba naɗe hannu ba ne. Mutanen ƙasar raƙuma sun fi kowa fahimtar umarnin da aka ba sahabin nan na ya ɗaure taguwarsa sannan ya dogara ga Allah. Manomi ya shuka, ya tanadi abin da ya samu, sannan ya miƙa lamarin ruwa ga Mai ruwa, don tunaninsa ba ya haɗa hadari. Haka nan mai yawan ciwon kai, ko jiri, ko faɗuwar gaba, ya je asibiti a auna jininsa, idan an ba shi magani ya sha yadda aka ce, kada ya bari don ya ji sauƙi. Wanda ƙwaya ta kama, 'yan'uwa su raka shi wurin likita maimakon su kore shi daga sahu. Annabi (S.A.W.) ya yi umarni da neman magani, bin umarninsa kuwa yana cikin tarbiyya.

Jiki abin hawan rai ne a tafiyarsa zuwa ga Allah, amana ce da za a tambaya. Wanda ya gajiyar da shi da zullumi, ko ya lalata shi da biye wa son rai, da me zai tsaya sallar dare?

Allah Ya ba Damargu damina mai albarka, Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya dawo da matafiya gida cikin aminci, albarkacin Annabin rahama (S.A.W.). Amin.