A Bincika Kafin A Ɗora Wa Mutum Amana

Sau da yawa idan aka tashi naɗa shugaban makarantar Islamiyya, ko ma'ajin masallaci, ko shugaban ƙungiyar manoma a Baure da ƙauyukanta, wanda ya fi kowa zaƙin baki da babbar riga shi ke samu. Sai bayan kuɗin taki sun yi ɓatan dabo a fara salati.

Alƙur'ani mai girma ya riga ya yi gargaɗi a cikin Suratul Munafiƙun game da masu kyan siffa da daɗin zance, alhali kuwa cikinsu fanko ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mutum biyu sun zo tare da Abu Musal Ash'ari suna roƙon muƙami, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su, domin kwaɗayinsu ya bayyana. A kan wannan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina nasiharsa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a cikin Usulus Siyasa, watau lalle shugaba ya nisanci son sarauta. Kada wani ya kafa hujja da Annabi Yusufu, alaihis salam. Shi ya nemi tsaron taskokin Masar ne don yunwa na tafe, ga shi kuma masani amintacce.

To, yaya za a gane mai jiji da kai da mayaudari? An ruwaito cewa wani ya yabi mutum a gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya tambaye shi ko sun yi maƙwabtaka, ko tafiya, ko cinikin kuɗi. Da ya ce a'a, Umar ya nuna masa bai san mutumin ba, ganinsa kawai ya yi yana ruku'u a masallaci.

Saboda haka masu zaɓe su je unguwarsa, su tambayi wanda ya taɓa binsa bashi da yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, don irin wannan mutum durƙusa wa manya yake yi, ya taka na ƙasa. Su saurari labarin inda ya baro: in duk nasara tasa ce, duk kuskure na wasu ne, to, a yi hattara. Sa'an nan wani dattijo ya gyara masa ɗan kuskure a gaban mutane, a dubi fuskarsa.